Gidan gadon su George Washington: da gaske da katako aka gina shi?

Baban Khalifa, Tudun Wada:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni magini ne. Ɗana da ke karatun zanen gine-gine ya nuna mini hoton Mount Vernon, gidan su George Washington, shugaban Amurka na farko, da ke jihar Bajiniya a bakin kogin Potomac. Na ce ginin dutse ne, ga layin duwatsun nan ɓaro-ɓaro, shi kuma ya dage wai katako ne. Wanda ya sani ya raba mana gardama. In kuma katakon ne, me ya hana shi ruɓewa har yau?

Injiniya Barnawa:
Wa alaikumus salam Baba. Yaron ya yi gaskiya. Allunan katako ne aka fere gefunansu, aka tsaga su kamar sassaƙaƙƙen dutse. Sai a shafa fenti, tun bai bushe ba a watsa masa yashi mai laushi. Daga nesa ido ba ya rabewa, yashin kuma yana ƙara kare katakon. Mahaifin George, Augustine, ne ya fara ɗan ƙaramin gidan wajen 1734. George ya ɗaga shi sama a 1758, daga 1774 ya ƙara ɓangaren kudu da na arewa, har ya kai ɗaki 21. Abin da ya fi burge ni shi ne 'yar hasumiyar da ke tsakiyar rufin: a buɗe tagoginta, zafin cikin gida ya fice ta sama. Kicin ma a waje yake, saboda zafi da tsoron gobara.

Maman Ummi, Unguwar Rimi:
Baba, ba fenti ne kaɗai ya riƙe shi ba. Gidan ya lalace sosai a hannun magada, gwamnati ta ƙi saye. Mata ne suka kafa ƙungiya ƙarƙashin Ann Pamela Cunningham, suka yi karo-karo, suka ƙulla cinikinsa a 1858 kan dala 200,000. Har gobe ƙungiyar ce ke kula da shi. Da mu ma haka muka tsaya wa tsoffin gidajenmu, da ba gidan Sardauna, Arewa House, kaɗai za mu riƙa nuna wa baƙi ba.

Malam na Kawo:
Kar a manta da waɗanda suka yi aikin. Lokacin da Washington ya mutu a 1799, bayi 317 ne a gandun, cikinsu har da kafintoci da masu yin bulo.

Baban Khalifa, Tudun Wada:
Allah ya saka da alheri, na gamsu. Injiniya, in na gwada dabarar yashin nan a ƙyauren katako, za ta jure ruwan Agusta na Kaduna? Gara fa, da me zan fara jiƙa katakon?