Muhawara: Mai gudun 100 yana da ikon zama a hannun hagu?

Malam Hamisu: 'Yan'uwa, ni a ganina in ƙaramar mota tana gudun kilomita 100 a tagwayen hanya, ta kai iyakar da doka ta yanke. Duk mai son wuce ta shi ne mai laifi. Don me za ta kauce masa?

Alhaji Lawal: A'a Malam, ka haɗa doka biyu. Tun 1972 da Najeriya ta koma tuƙin dama, hannun dama ne na tafiya, na hagu na wucewa ne. Ka duba madubi, ka sa sigina, ka wuce, sai ka hango motar da ka wuce a madubinka sannan ka koma dama. A jadawalin dokar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta 2007, ƙin kaucewa laifi ne mai zaman kansa, tarar naira 3,000, daidai da ta obatekin ba bisa ƙa'ida ba.

Malam Hamisu: To mai gudun 130 fa, Alhaji?

Alhaji Lawal: Nasa laifin daban, kuma ba kai ne jami'i ba. In ka tare shi, ta dama zai bi, can ne mugun wuri. Direban tirela yana zaune a hagu, gefensa na dama akwai inda madubi ba ya nuna masa komai.

Injiniya Bishir: Ranka ya daɗe, a yi wa manyan motoci adalci. Inda tirela ta ci hannun dama har kwalta ta yi kwari, direba dole ya gudo hagu. Amma ku lissafa: mai 100 zai wuce tirela mai 60 cikin daƙiƙa 6, tafiyar kusan mita 170. Tirela mai 55 kuwa in za ta wuce mai 50, sai ta kusa minti ɗaya tana toshe hannu biyun. Nan haƙurin na baya ke ƙarewa.

Hajiya Binta: Duk maganar tagwayen hanya kuke. Tsakanin Katsina da Daura, inda hanya ɗaya ce, hagun nan na mai tahowa ne. Ba a wucewa a kwana, ko kan gada, ko hawan da ba ka ganin bayansa, ko inda farin layi bai yanke ba.

Malam Hamisu: Wannan na yarda, Hajiya. Amma naira 3,000 ko man zuwa Daura ba za ta saya ba. Wa za ta tsorata?

Alhaji Lawal: In aka rubuta maka tuƙin ganganci, 50,000 ce, kuma ana iya kai ka kotu.