Don Allah wa ya gane wannan lissafin .310 na besbol?

Ɗan Gangare:
Salamu alaikum jama'a. Ƙanena da ke karatu a Amurka ya jefa ni kallon besbol, kullum da daddare ina wajen mai shayi a bakin Terminus ina kallon guntayen wasa a waya. Abin da ya ɗaure min kai, duk wanda ya fito da sanda sai a manna wata lamba a ƙasan sunansa, wai wani ɗan wasa Ohtani ya yi .310 a 2024, mu da muka saba a ce wane ya ci ƙwallo 20 shikenan. Wannan fa ko ɗaya bai kai ba, ina abin yabon?

Malamin Lissafi Bukuru:
Wa'alaikumussalam. Rabawa ce kawai ɗan'uwa. Lambar nan da kake gani AVG ake ce mata, ka ɗauki sau nawa ya buga ƙwallon ya isa tasha (wuraren tsayawar da mai bugu ke bi kafin ya zagayo gida) lafiya, ka raba da sau nawa ya shiga bugu. Ya shiga sau 10 ya dace sau 3, .300 kenan, kuma wallahi a wasan nan mai .300 gwani ne duk da ya faɗi sau 7. Ted Williams a 1941 ya dace sau 185 cikin 456, danna a kalkuleta ka ga .406, har yau ana zancensa.

Ɗan Gangare:
Toh fa, ashe a nan mai cin 3 bisa 10 shi ne ɗan gaban goshi, da a makaranta ne sai bulala 😂

Maman Biyu Rayfield:
Malam ka manta abu ɗaya. In mai jifa ya yi jifa huɗu a karkace aka ba mutum tasha ta farko kyauta, ba a ƙirga wannan cikin AVG sam, sai a OBP, wato lissafin yawan isa tasha ko da bugu ko da kyauta. A misalin naka ƙara masa kyauta 2, ya isa tasha sau 5 cikin 12, .417. Ni ita na fi duba gaskiya, don isa tasha ai isa tasha ce ko ta wace hanya. Barry Bonds a 2004 tsabar tsoronsa sau 232 ya samu kyautar nan, OBP ɗinsa .609.

Malamin Lissafi Bukuru:
Haka ne Hajiya, na gode. Saura SLG, ita nauyin bugun take aunawa, tasha ɗaya maki 1, biyu 2, uku 3, wanda ya cilla ta waje ya zagayo gida 4. Cikin ukun nan a ce biyu na tasha ɗaya ne, ɗaya ya fita waje, 6 kenan raba da 10, .600. Haɗa da .417 ka samu 1.017, shi ne OPS.

Ɗan Gangare:
Allah ya saka da alheri. Na kwafe a bayan katin waya, bari yaron nan ya kira yau ya ji.