Farin ƙanzo ya kashe mini buta, in sayi filta ko in bari?

Maman Nana:
Assalamu alaikum ƴan'uwa. Don Allah shawara nike nema. Wata bakwai ke nan da muka tashi daga Bagalam muka koma gidan haya a Ali Ɗan Sofo, nan cikin Maraɗi. Gidan yana da foraj nashi, wato rijiyar burtsatse, da shato, wato tankin ruwa, a bisa, muka yi ta murna mun huta da tashin dare tarbon ruwa. Ashe da sauran rina a kaba. Butar kuran, wato ta lantarki, da nike dafa ruwan shayin maigida, shekararta uku ba ta taɓa ba ni wahala ba, amma cikin wata huɗu ta yi wani farin ƙanzo a gindi, kauri kamar ɓawon ƙwai. Ta riƙa daɗewa kafin ta tafasa, rannan ta yi ƙauri ta mutu. Na sayi sabuwa, ita ma ga shi ta fara. Fer ɗin guga kuwa tofa farin gari yake, ran Juma'a ya ɓata gaban shaddar maigida yana shirin masallaci, ban ji da daɗi ba ranar. Hudojin kan dush rabi sun toshe, sabulu ba ya kumfa. Wani mai shago ya ce in kawo jikka goma sha biyar ya ba ni filta, wai shi ke nan. In saya? Kuma ruwan nan lafiya lau ne yara su sha?

Hajiya Babba:
Wa alaikumus salam ɗiyata. Ki matse lemun tsami biyar cikin butar, ki cika ruwa rabi, ki tafasa, ki bar shi ya huce. Da kanki za ki dawo ki ba mu labari.

Baban Khalifa, plombiye:
Maman Nana, riƙe kuɗinki tukuna. Filtar da ake sayarwa a wannan kuɗin, ta zare ce ko ta gawayi. Ta zare tana tare yashi da laka, ta gawayi tana ɗauke wari da ɗanɗanon jabel, wato ruwan bilic mai kashe ƙwayoyin cuta. Abin da ke damunki kuwa ba datti ba ne, kalker ne, wato sinadarin farin dutse, kuma narke yake cikin ruwan kamar sukari cikin shayi, zai wuce ta cikin filtar ya bar ta nan tsaye.

Ruwan ƙarƙashin ƙasa in ya ratsa wasu duwatsu yana kwaso kalsiyom da magneziyom. Muddin ruwan na da sanyi ba ki ganin komai, garau yake. Da ya ji wuta, musamman in zafin ya wuce digiri 60, sai kalsiyom ɗin ya koma dutse ya manne a wurin da ya fi zafi, wato ƙarfen da ke ɗumama ruwan. In ƙanzon ya yi kauri, zafi ba ya samun hanyar fita zuwa ruwa, sai ƙarfen ya yi ta cin kansa har ya ƙone. Abin da ya faru da butarki ta farko ke nan. Satin da ya wuce na kwance wani shofo, na'urar ɗumama ruwan wanka, ƙarfen cikinsa ya koma kamar rogon da aka tono da ƙasarsa, sai da na sa guduma. Mai gidan yana ta zagin kuran, alhali kuran ba ruwansa.

Maganar Hajiya daidai ce, tsami ne maganinsa. Farin binegar ya fi sauƙi in ba lokacin lemu ba ne: rabi binegar rabi ruwa, ki ɗumama, ki bari awa guda, ki zubar, ki tafasa ruwan banza sau biyu kafin ki yi shayi. Kada ki kankare da wuƙa ko cokali. Kan dush kuma ki zuba binegar a leda, ki cusa shi ciki, ki ɗaure da roba ya kwana, da safe ki bi hudojin da tsohon burushin haƙori. Ki mayar da shi aikin kowane sati biyu, kada ki jira sai ya yi kauri.

Umma Zariya:
Mu dai nan Zariya ruwan robine muke sha, butata ba ta taɓa yin haka ba. Ki gwada jefa alif a shaton mana.

Baban Khalifa, plombiye:
Umma, alif na ruwan gulbi ne mai laka, yana kwantar da dauɗa. Wannan ruwan ba shi da abin kwantarwa. Kuma ba mamaki ke ba ki gani ba, foraj biyu a unguwa ɗaya ma ruwansu na iya bambanta, ya danganta da zurfin da aka kai da irin ƙasar da aka ratsa.

Malama ta lise:
Bari in taɓa tambayarki ta biyu, don ita ta fi butar muhimmanci. Kalker shi kaɗai ba guba ba ne, kalsiyom da magneziyom jiki ma yana bukatarsu. Kayan aiki yake wahalarwa da wanki. Ana auna shi da digirin Faransa, digiri 1 daidai yake da miligiram 10 a lita. Ƙasa da 15 ruwa mai laushi ne, in ya haura 30 to mai nauyi ne.

Amma ni abin da zan ce miki, tunda foraj ne na gida, ki sa maigida ya tambayi mai gidan takardar awon ruwan da aka yi lokacin haƙa. In babu, ku ɗebi ruwan a kwalba mai tsabta a kai ɗakin awo. Mu mutanen nan bai kamata a tuna mana da Tibiri, garin nan na kusa da Maraɗi, ba. Ruwan foraj ne mai sinadarin fuliyo (fluoride) da yawa yara suka sha shekara da shekaru, haƙora suka rine, ƙafafu suka lanƙwashe, kuma ruwan garau yake a ido. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar fuliyo a miligiram 1.5 cikin lita. Ba ya barin ƙanzo a buta balle ki gane, tafasawa kuma ba ta fitar da shi. Ban ce naku na da shi ba, farin ƙanzo da fuliyo ba abu ɗaya ba ne. Na ce dai a auna, a duba har da nitarat, sinadarin da ƙazanta ke sa wa ruwa, in akwai masai kusa da foraj ɗin.

Maman Nana:
Innalillahi, Malama kin sa gabana ya faɗi. Yau ɗin nan zan yi mishi magana.

Ɗan Gulbi mai sola:
Anti, fer ɗinki ki daina ba shi ruwan shato kwata-kwata. In kuna da kilim, wato na'urar sanyaya ɗaki, ki tara ruwan da ke ɗiga a bayansa cikin bido, ki tace da ƙyalle, ba shi da kalker. Na guga ne kawai, ba na sha ba. In babu, ruwan batir da ake sayarwa a gidajen mai, wanda ba asid ba, ki karanta jikin kwalbar da kyau. In kin gama guga ki juye sauran ruwan. Kuma masu batirin sola da ke cika shi da ruwan foraj, ku ji tsoron Allah ku tausaya wa aljihunku, na gaji da ganin batir ɗin da bai shekara ba ya mutu.

Baban Khalifa, plombiye:
Na manta abu ɗaya. Kada a kuskura a haɗa binegar da jabel wajen wanke bayi, hayaƙin da ke tashi yana shaƙe mutum. Na'urar da ke cire kalker ta gaske akwai ta, da gishiri take aiki, sai an riƙa ƙara mata. Amma a gidan haya ban ga dalilin da za ki kashe wannan kuɗi ba, sai dai in mai gidan ne zai saka.

Maman Nana:
Hajiya, na dawo da labari. Lemu huɗu na samu na sa. Tun kafin ya tafasa na ji yana shuuu, ƙanzon na ɓallewa falle-falle, da na juye sai ga gindin buta yana ƙyalli. Kan dush na cikin leda yanzu haka. Filta kuma na fasa. Mai gidan ya ce takardar tana wajen wanda ya haƙa, zai karɓo. Kafin nan yara na shan ruwan robinen maƙwabta. Saura wanki, Baban Khalifa, sabulun ma akwai dabararsa ko sai haƙuri?

Baban Khalifa, plombiye:
Sabulun sanda shi ke faɗa da kalker, shi ya sa kike ganin wannan dusar-dusar a saman baho. Ki koma garin wanki, ya fi jurewa. Damina kuma in ta zo ki kafa duro ƙarƙashin indararo, ki bar ruwan farko ya wanke rufi, sauran ki tara wa shaddar maigida.