Neman shawara: lambar da ke kan takardar LEGO, me take nufi?

Mai tambaya: Assalamu alaikum jama'ar gida. Kayan wasan yara na gwanjo nake sayarwa. Dilar da na kwance wannan karon ta zo da LEGO, wato ƙananan tubalan roba da yara ke harhaɗawa, da yawa, duk a leda babu kwali, sai takardun haɗawa da aka cusa ciki. Ɗaya an rubuta 60215, ɗaya 42096, wata tsohuwa da ta yi jawur kuma 375 kawai. Shin mai babbar lamba ce ta fi tsada? Ina tsoron in yi asara, ina kuma tsoron in cuci mai saye. Don Allah masu sani ku taimaka.

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam Hajiya. Lambar ba kuɗi ba ce, ba kuma yawan gutsattsarin ba ce, sunan saitin ne a kundin kamfanin, can Billund a Denmark. Tun wajen 2013 yawancin saitoci lamba biyar suke ɗauka, biyun farko kan nuna dangin kayan: 60 na City ne, 31 na Creator, 75 galibi Star Wars, 30 kuma ƙananan da ke zuwa a leda. Naki 60215 tashar 'yan kwana-kwana ce ta 2019. 42096 kuwa motar Porsche ce ta Technic, ita ma 2019, ta fi ta farko daraja nesa ba kusa ba duk da lambarta ta fi ƙanƙanta. Amma kada ki riƙe biyun farkon kamar doka, don 10 ta haɗa Duplo na 'yan ƙanana da manyan saitoci na magidanta.

Amsa ta biyu: Yaya, 375 ɗin nan ce ta tsayar da ni. Ki dubi hoton da ke kan takardar da kyau. In kin ga ganuwa ruwan ɗorawa da mayaƙa masu garkuwa, fadar da kamfanin ya fitar a 1978 ce, masu tara tsoffin LEGO suna nemanta ruwa a jallo, kada ki kuskura ki zuba ta cikin tarin sauran kaya. A da kamfanin yakan ba saiti ɗaya lamba biyu, ta Turai daban ta Amurka daban. Wannan fadar a Amurka 6075 ce. Sannan yakan maimaita lamba, don a 1992 an sake ba wani saiti 6075 ɗin. Shi ya sa BrickLink da Brickset, shafukan intanet masu jera saitocin LEGO, suke ƙara -1 ko -2 a ƙarshe. Ki rubuta lambar a can, ki gwada hoto da hoto.

Amsa ta uku: Ni uwa ce, abin da ya dame ni cikar kaya. Takarda ba ta tabbatar da cewa abin da ke ledar nata ne, a gwanjo ana cakuɗa su. Sabbin takardu suna da jerin gutsattsarin a shafukan ƙarshe, ki baza a faranti ki ƙirga kafin ki ce wa mutum cikakke ne. Ki kuma duba kan kowane ƙullutun da ke saman gutsattsarin, na asali an buga masa LEGO. 'Yar lambar da ke ƙarƙashin gutsure ta ƙirarsa ce, ba ta saiti ba.

Mai tambaya: Allah Ya saka da alheri. Fadar ce a hoton, amma mayaƙa uku kawai na gani a ledar. In haɗa abin da ya samu in sayar tare da takardar, ko in ware takardar daban?