Neman shawara: jiragen kwamfuta ba sa riƙe sahu a yaƙin teku

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina buga wasan kwamfuta na Empire: Total War, wanda ya fito a 2009, kuma yaƙin teku ne ya fi ɗaukar hankalina. Damuwata ita ce kwamfutar da nake karawa da ita. Da farko takan jera jiragenta na ruwa, masu tafiya da iska, tsaf, amma ina kusantowa sai sahun ya watse, kowane jirgi ya bi na kusa da shi, wani ma ya juya goshi cikin iska ya kusan tsayawa. Sai in yi ta tsintar su ɗai-ɗai. Na ƙara matakin wahala, ban ga wayonta ya ƙaru ba. Yaya zan yi in sami gumurzu irin na tarihi?

Tsohon ɗan wasa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, a yawancin wasannin nan matakin wahala ba dabara yake ƙara wa kwamfuta ba, fifiko kawai ake ba ta: ƙarin kuɗi, ko mayaƙan da ba sa saurin karaya. Tunaninta yana nan yadda yake. Kai ne za ka ɗaure wa kanka hannu. Ka ɗauki rundunar da ta fi ƙanƙanta, kada ka dakatar da wasa don ba da umarni, kuma in an ci ka da yaƙi kada ka koma baya ka sake.

Malamin tarihi: Abin da kake yi mata shi Nelson, kwamandan jiragen yaƙin Birtaniya, ya sha wuya kafin ya samu a yaƙin teku na Trafalgar, ranar 21 ga Oktoba 1805. Jiragensa 27 ne, na Faransa da Sifaniya 33. Ya raba nasa gida biyu, ya nufi sahunsu kai tsaye, alhali iska ba ta da ƙarfi. Igwogin jirgi a gefe suke, don haka masu tahowa da goshi sun daɗe suna shan wuta ba halin ramawa. Ladan yana wajen ratsawa: da Victory, jirgin Nelson, ta gitta ta bayan Bucentaure, jirgin Villeneuve kwamandan abokan gaba, ta sakar masa wuta ta tagogin baya, inda katako ba kauri, harsasai suka bi tsawon jirgin suna kwasar mutane da igwogi. Birtaniya ba ta rasa jirgi ko ɗaya ba a ranar. To kwamfutar da ke miƙa maka bayanta kyauta ta cire wa yaƙin gishirinsa. Shawarata, ka bar mata ɓangaren da iska ke fitowa, kai ka fara daga ƙasan iska.

Wata 'yar uwa: Malam, ban yarda wannan ya isa ba. Ko ka ba ta iska ba ta san amfaninta ba. Ni harsashi mai sarƙa na haramta wa kaina, domin da ka karya mata turakun jirgi shi ke nan, ba ta iya janye gurgun jirgi ta kāre shi. Da dunƙulen harsashi kaɗai nake yaƙi, sai na warwatsi in an matso dab. Amma in sahu na gaske kake so, nemi mutum ku kara ta intanet.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Zan fara da barin sarƙar da kuma rage jirage. Wanda ke da lokaci a ƙarshen mako ya yi min magana mu gwada, ni zan riƙe Faransa.