Haɓar ƙanena ta karkace, haƙoransa ba su haɗuwa daidai

Maman Hanifa, Gusau:
Salam jama'a dan Allah ina neman shawara, ƙanena ne haƙoransa na sama da na ƙasa ba su hawa kan juna daidai tun yana ƙarami, yanzu haɓar ta fara karkata hagu kuma in ya buɗe baki sai kaji ƙas kusa da kunne. Abin na damuna wallahi.

Ɗan Kaura:
Wslm hajiya. Wurin da yake ƙarar nan shine mahaɗar muƙamuƙi, biyu ne, ɗaya gaban kowane kunne kuma tare suke aiki. In cizo ya karkace mutum sai ya riƙa ture muƙamuƙin gefe guda kafin haƙora su haɗu, ga taunar ɓangare ɗaya, to a yaron da bai gama girma ba hakan na iya sa gefe guda ya bambanta da ɗayan. Wani lokacin kuma ƙashin ne ya fi girma a gefe ɗaya shi ya karkatar da cizon, sai an yi hoto ake ganewa.

Ummu Sadiq:
Ki kai shi sashen haƙori na asibitin tarayya na FMC Gusau, ko asibitin koyarwa na UDUTH Sakkwato. Kafin nan ya bar cingam, rake da ƙilishi, a riƙa gasa wurin da tsumma mai ɗumi.

Maman Hanifa:
Nagode, gobe in Allah ya kaimu zamu je.