Shin jami'o'in Amurka sun fara biyan 'yan wasansu albashi ne?

Bakin_Fili:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ana ta cewa ɗaliban da ke buga wa jami'o'in Amurka wasa sun fara karɓar kuɗi, alhali a da NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'in, kan dakatar da ɗalibi in ya karɓi ko da kyauta ce. Wa ke biya, nawa ne, kuma me ake ci gaba da ja-in-ja a kai?

Mai_Lissafi:
Wa alaikumus salam. Hanya biyu ce, kada a haɗa su.

Ta farko ita ce NIL, wadda aka buɗe ranar 1 ga Yulin 2021: ɗalibi na iya karɓar kuɗin talla da sunansa ko hotonsa. Kamfanoni ke biya, ko ƙungiyoyin attajiran magoya bayan makaranta. Kwanaki kaɗan kafin nan ne Kotun Ƙoli, a shari'ar Alston, ta yanke wa NCAA hukunci da bakin alƙalai 9 gaba ɗaya.

Ta biyu ta fito daga sasancin shari'ar House, ƙarar da 'yan wasa suka kai NCAA, wanda mai shari'a Claudia Wilken ta amince da shi a Yunin 2025. Yanzu jami'a da kanta na iya biyan 'yan wasanta, iyakar dala miliyan 20.5 a zangon 2025-26, ga duka wasannin makarantar a haɗe. Adadin ya yi daidai da kashi 22 cikin ɗari na matsakaicin kuɗin shigar manyan makarantu daga talabijin, tikiti da masu ɗaukar nauyi, kuma zai riƙa ƙaruwa. Akwai kuma diyyar kusan dala biliyan 2.8 cikin shekara 10 ga waɗanda suka buga tun 2016. Dala miliyan 20.5 ɗin nan iyaka ce fa, ba dole ba. Makarantar da ba ta da hali ba wanda zai tilasta mata.

Alƙalin_Gefe:
Malam Mai_Lissafi ya kawo adadi daidai, sai dai ban yarda a kira shi albashi ba, kuma nan gizo ke saƙar. Har yau ɗan wasan ba ma'aikaci ba ne a idon NCAA. Ba shi da ƙungiyar ƙwadago da za ta zauna ta yi ciniki a madadinsa kamar a NBA ko NFL, gasannin ƙwararru na kwando da ƙwallon ƙafar Amurka, inda 'yan wasa ke kwasar kusan rabin kuɗin shiga. Shi an yanka masa kashi 22 ba tare da ya zauna a teburin ba. 'Yan ƙwallon kwandon jami'ar Dartmouth sun kaɗa ƙuri'ar kafa ƙungiya a Maris ɗin 2024, 13 da 2, amma suka janye a ƙarshen shekarar.

Sai rabon. Yawancin manyan makarantu na tura kusan kashi 75 ga ƙwallon ƙafar Amurka, kusan 15 ga kwandon maza, sauran wasanni su raba ragowar. Masu goyon baya na cewa wanda ya yi noma shi ke cin amfani. Amma dokar Title IX ta 1972 ta hana makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna bambanci tsakanin maza da mata, shi ya sa wasu 'yan wasa mata suka ɗaukaka ƙara kan yadda aka tsara rabon diyyar.

Wani abin da ba a cika faɗa ba: an cire iyakar yawan tallafin karatu, aka sa iyakar yawan 'yan wasa, 105 a ƙwallon ƙafar Amurka, 15 a kwandon maza. Yaron da ke biyan kuɗin makarantarsa da kansa don ya samu gurbi a benci, shi ne farkon wanda wuri ke ƙure wa.

Mai_Lissafi:
Haka ne. Ga kuma inda yara ke tuntuɓe a aikace. Duk yarjejeniyar talla ta dala 600 zuwa sama sai an shigar da ita a manhajar NIL Go, wadda aka gina tare da kamfanin Deloitte. Ana duba ko tallar gaske ce, kuma ko kuɗin ya dace da farashin kasuwa. In attajiri ya ba da miliyan don hoto ɗaya a Instagram, ana iya watsi da ita.

Haraji ma haka. Kuɗin talla ba a cire komai kafin ya shigo asusu, saboda ana ɗaukar yaron mai zaman kansa. Akwai kashi 15.3 na masu aikin kansu, ga harajin tarayya, ga na jiha in jiharsa na karɓa. Wanda ya sayi mota da kuɗin duka zai ji jiki a watan Afrilu, lokacin biyan haraji.

Zaren_Raga:
A ƙara da ɗaliban ƙasashen waje. Bizar karatu ta F-1 ta taƙaita aikin da ɗalibi zai yi a cikin Amurka, don haka ɗaukar bidiyon talla a can na iya jefa bizarsa cikin haɗari. Dabarar da wasu ke yi ita ce su yi aikin tallar lokacin da suke wajen ƙasar, a hutu ko a gasar da aka kai waje. Kafin sa hannu a kowace takarda, a fara nuna wa ofishin ɗaliban waje na makarantar da lauyan shige da fice, a kuma karanta sharaɗin sauya makaranta, domin wasu kwantiragin na neman a mayar da kuɗi in yaro ya tafi.